Gandu da gayauna a cikin manhajar sakamako



An nemi mu, malaman kwamfuta na wannan reshe, mu bayyana abin da ya sami katin sakamako na zangon da ya wuce, inda yaran da rashin lafiya ta hana su zama jarrabawa suka tashi da sifili, iyaye kuma suka yi ta tuhumar malaman aji. Mun duba manhajar, kuma malaman nan ba su da laifi.

Mai rubuta manhaja a harshe irin Java yakan fara da zana abin da ake kira aji, wato fom guda da za a cike wa kowane ɗalibi nasa: suna, lamba, maki. Makin yaro gayaunarsa ce, ba ruwan ɗan'uwansa da ita. Akwai kuma abin da ake ajiye wa ajin baki ɗaya, a yi masa alama da kalmar static. Wannan shi ne gandu, guda ɗaya ne, kowa daga gare shi yake ci. A manhajarmu can aka ajiye makin tsallakewa, saboda haka ranar da aka canza shi domin ƙaramar sakandare, babbar ma ta canza ba tare da kowa ya sani ba.

Sifilin kuwa daga wani wuri ya fito. Idan malami ya rubuta "bai zo ba" a gurbin maki, manhaja takan yi ƙoƙarin mayar da rubutun lamba, ta kasa, sai ta yi kukan kuskure. Wannan kuka alheri ne, domin an yi shi ne a tsaya a duba. Wanda ya gina tamu ya kama kukan ya toshe masa baki, aiki ya ci gaba kamar lafiya lau. A Java kuma gurbin lamba da ba a zuba wa komai ba, sifili yake riƙewa. Haka yaron da ke kwance a asibiti ya zama daidai da wanda ya zauna bai rubuta ko harafi ba.

Wannan salon rubuta manhaja ya samo asali ne a birnin Oslo na ƙasar Norway, inda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka fito da harshen Simula 67 a shekarar 1967. Abin da ya kamata 'yan ƙungiya su sani shi ne, a farkon shekarun 1970 Nygaard ya yi aiki da ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta ƙasarsa, domin ma'aikaci ya samu bakin magana kafin a ɗora masa na'ura.

Abin da muke nema ke nan. Kafin wata makaranta ta karɓi sabuwar manhaja, a zaunar da malami ya gwada ta da hannunsa, ya shigar da ɗalibin da bai zo ba, ya ga abin da za ta buga. Duk wanda ke da yaro a ajinsa da wannan sifili ya shafa, ya miƙa lambarsa ga sakataren reshe kafin a koma hutu.