Ƙarar Amfilifaya A Gida: Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Sabo

Mu dai 'yan kasuwa ne masu sayar da kayan rediyo, to amma wanda ya daɗe yana zama kusa da masu gyara ba ya rasa abin da zai tsinta.

Da yawa daga cikinmu a nan Sabo ta Ibadan muna da tsohuwar amfilifaya a ɗaki, Sansui ko Kenwood ko Pioneer, wadda wani ma gadonta ya yi. Wata rana sai ka kunna ka ji tana ƙara kamar an yayyafa ruwa cikin tafasasshen mai. Nan take sai mutum ya ce ta mutu, ya ba 'yan gwangwan a kuɗin goro. Alhali sau da yawa datti ne kawai.

Ku sani ƙasar Kudu danshi gare ta. Damina tana sa tsatsa a bakin soket da cikin maɓallai, hunturu kuma ya zo ya cika su da ƙura. To abu na farko, murza maɓallin ƙara murya. In ƙarar tana tashi ne daidai lokacin da kake murzawa, ciwon yana nan. Ka zare filogi daga wuta, ka sayi maganin feshi na wanke kayan lantarki, ka fesa kaɗan ta 'yar kafar da ke bayan maɓallin, ka murza shi hagu da dama kamar sau 30, ka bari ya bushe. Don Allah ban da man keken ɗinki, ban da kananzir. Mun ga waɗanda suka yi haka, daga ƙarshe sai da aka canza maɓallin gaba ɗaya.

In ba nan ba ne, sai ka saurara: sifika ɗaya ke yi ko duka biyun? Idan ɗaya ce, kashe wuta ka musanya wayoyinsu a bayan amfilifaya, ta dama ta koma hagu. In ƙarar ta bi sifikar nan, laifinta ne ko na wayarta. In kuwa ta koma ɗayar, laifin yana cikin amfilifaya ko abin da ka jona mata, wato rediyo ko kaset. Zare su duka, ka mayar da murya ƙasa ƙwarai. Har yanzu tana yi? To ciwon ya shige ciki, wajen da ke ba sifika ƙarfi.

A nan muke roƙo a tsaya. Akwai manyan kafasita a ciki masu kama da gwangwanin madara, suna riƙe wuta ko bayan an zare filogi, kuma inda wutar bango ke shiga 230 ne. Kada a bar yara su sa hannu. Kuma kada a ci gaba da kunna ta ana cewa za ta ware, domin irin wannan ƙarar mai fashewa tana iya ƙona sifika, asara ta zama biyu.

Idan ka kai wa mai gyara, zauna ka ga aikinsa. Nagari zai ɗauki sandar roba ko bayan biro ya riƙa ƙwanƙwasa allon a hankali, inda ƙara ta amsa nan dalma ta tsage, sai ya sake narka ta. Zai duba kafasitar da ta kumbura ko ta yi yoyo. Akwai kuma wani ƙaramin taransisto mai lamba 2SC458 da ke cikin tsofaffin kayan Japan, masu gyara sun san shi da wannan hali, ƙafafunsa kan yi baƙi. Ba shi da tsada, kuma akan sa KSC1845 a madadinsa, sai dai a lura da jerin ƙafafun kafin a liƙa.

Wanda ko buɗewa bai yi ba ya ce maka taransifoma ce ta ƙone, ɗauki kayanka ka yi gaba, don wadda taransifomarta ta ƙone ba ta ma magana balle ƙara. Duk abin da aka cire kuma ka ce a ba ka tsohon a hannu.

Mai tambaya sai ya ɗaga hannu.