Sola ta yi arha, jarin ne ya rage mana
Jawabin ma'ajiyar ƙungiya a taron cikar shekara

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, 'yan'uwana, baƙinmu da suka taso daga Fanshekara da Sheka, sannunku da zuwa.

Lissafin kuɗi yana shafin baya, kowa ta duba a gida. Ni yau maganar wuta zan yi, domin duk wadda ta zo mini neman a ɗaga mata biyan bashi a bana, in na tambayi dalili, ko dai mai ne ko wuta. Mai ƙanƙara, mai markaɗe, mai ɗinki, bakinsu ɗaya.

Kun tuna 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Sai kuma Oktoban 2024, da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi sama da mako guda a duhu. Ni da kaina na zubar da zoɓo da kunun aya cike da firiza, ina zubarwa ina ƙwalla. Maƙwabciyata mai faranti huɗu a kan rufi kuwa, layi aka riƙa yi a ƙofarta ana cajin waya.

Shekara goma sha biyar da suka wuce, sola kayan masu hali ne. Daga 2010 zuwa yau kuɗin samar da lantarki daga hasken rana ya sauka da kusan kashi 90 cikin ɗari a duniya. Batirin litiyam ma ya bi sahu. Ba tausayinmu aka ji ba. Ƙasar Sin ce ta kafa masana'antu manya-manya, har ya zama fiye da kashi 80 cikin ɗari na farantan duniya can ake ƙera su, kuma abin da ya yi yawa a kasuwa dole ya sauko. Kun san haka daga tumatir ɗin Kadawa lokacin kaka.

Mu nan Kumbotso ba sai an ba mu labari ba. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya zo ya buɗe tashar sola mai megawat 10 a yankin masana'antu na Challawa, a zuwan da ya buɗe tashar Dala ta sauke kaya a nan Zawaciki. Ga kuma ta Gida Dubu mai megawat 1, wadda kamfanin Bagaja ya kafa tare da KEDCO. Ku tambayi 'yan'uwanmu na can yadda firizarsu take kwana.

To me ya sa mu ba mu gani a ƙasa ba? Saboda da dala ake sayo faranti. Da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da take wajen naira 460 a banki ta wuce 1,500 a 2024. Abin da faranti ya rage a Sin, canji ya cinye kafin ya iso Sabon Gari. Sannan janareto kullum kaɗan-kaɗan yake cin kuɗinki, ita kuwa sola gaba ɗaya take so a rana ɗaya. Mace mai jarin dubu hamsin ina za ta samo?

A nan siyasa ta shigo, kuma ku yi haƙuri in ɗan taɓa ta. A taron Kofanhegan na 2009 ƙasashe masu arziki, waɗanda hayaƙin masana'antunsu ya ɗumama duniya, sun yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara ga ƙasashe irin namu. A Baku a 2024 suka ce za a kai biliyan 300 kafin 2035. Wata biyu bayan nan, Trump ya sa hannu a fitar da Amurka daga yarjejeniyar Faris, karo na biyu ke nan. Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na wannan hayaƙi, amma mu ke shan zafin Afrilu da ambaliyar Agusta. Ni dai ban ga matar da kobo na waɗannan biliyoyin ya shiga lalitarta ba.

A gida ma haka. A 2021 Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi, ta kuma yi alƙawari a Gilasgo cewa zuwa 2060 za ta daidaita hayaƙinta. Sai ga shi a 2025 ministan kimiyya da fasaha yana maganar hana shigo da farantan sola don a riƙa ƙera na gida. Niyyar ba ta da laifi. Wa zai ƙi a ce rufaffun kamfanonin Sharada da Bompai, inda mazajenmu da iyayenmu suka yi aiki, sun buɗe suna haɗa faranti? Amma a fara gina rijiya kafin a fasa tulu. In an hana shigowa alhali na gida bai wadata ba, mu za mu biya. Duk ɗan siyasar da ya zo da atamfa da sabulu, wannan ita ce tambayar da za mu yi masa.

Ga abin da nake roƙo. Mu ware wani kaso na asusu don bashin sola kawai, kamar adashe: a haɗa wa mace ɗaya, ta riƙa zuba abin da take kashewa a mai, in ya cika a haɗa wa ta gaba. Mu fara da masu firiza da keken ɗinki. Injin markaɗe yana jan wuta da yawa, shi sai mun tattauna ko a haɗa guda ɗaya na ƙungiya.

Kuma kar kowa ta je kasuwa ita kaɗai. Ni an taɓa sayar mini da tsohon batir an goge shi an liƙa sabuwar takarda, wata huɗu ya mutu. Mu sayi kaya tare, da rasiti da garanti a rubuce, kuma mu tura 'yan matanmu biyu su koyi haɗawa da gyara, don mai gyara mace tana shiga har ɗaki ba sai an jira maigida ba.

Wadda take so, ta ba sakatariya sunanta da irin sana'arta kafin taron wata mai zuwa, ta kuma rubuto nawa take kashewa a mai duk mako. Da wannan za mu san da wa za a fara.