Rasit, Ba Bita Ba: Abin da Ke Hana Ɗan Kasuwar Kaduna Ciniki a Intanet

 Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Ba sai na ba ku tarihin Jumia da Konga ba, waɗanda suka fara aiki a Legas a 2012. Kun san su, wasunku ma suna da shago a ciki. Abin da ya kawo ni shi ne abin da kan biyo bayan buɗe shagon. Mutum ya ɗora hoton kayansa, caja ce ko turare ko takalmi mai sunan wani kamfani, sai saƙo ya iso masa cewa ba zai sayar da wannan tambari ba sai ya kawo takardar izini daga masu shi, ko rasit daga dilan da suka amince da shi. In bai kawo ba, a sauke kayan. In abin ya maimaitu, a rufe shagon.

Na daɗe ina saɓani da wasu abokan aikina da jami'an gwamnati a kan wannan. Su a wurinsu ciwon ɗan kasuwar Arewa rashin sanin kwamfuta ne, maganinsa kuma bita: a tara matasa a otal, a koya musu ɗaukar hoto da buɗe asusu, a raba takardar shaida a watse. An bar jaki ana dukan taiki. Yaron da ke kwance waya ya mayar da ita a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ba ya bukatar a koya masa ɗora hoto. Abin da ba shi da shi takarda ce, kuma ba laifinsa ba ne.

Mu bi kaya mu gani. Kwalin caja ya sauka a Apapa da sunan mai shigo da shi. Wannan yana da takardar kamfani, yana da ta kwastam, yana da shaidar ingancin kaya ta hukumar SON. Daga hannunsa kayan ya je wurin babban dila a Ikeja ko Alaba, nan ma akwai rasit. Daga nan wani Alhaji a Kano ya saro katan hamsin, galibi ta waya, ya tura kuɗi ta banki, direba ya ɗauko. Ɗan Kaduna ya je kasuwar Farm Centre a Kano ya karɓi katan biyu a hannun Alhajin, rabi ya biya, rabi sai an sayar. Yaronsa kuma ya ɗauki dozin guda ya sa a intanet. Kaya na gaske ne tun daga Apapa har Kawo, ba wanda ya taɓa shi. Amma takarda ta tsaya a hannu na biyu. Daga Kano zuwa nan abin da ya rako kayan shi ne amana, da sanin uban gida, da littafin bashi. Haka abin yake a atamfar Kantin Kwari, haka yake a kayan masarufin Kasuwar Singa.

Wannan tsari ba sakaci ba ne. Da shi kakanninmu suka yi fataucin goro har Gwanja, da shi aka yi cinikin shanu a Sabon Ibadan: mai gida ne ke tsaya wa baƙo, shi ne shaida, shi ne jingina. Yana aiki matuƙar mai saye da mai sayarwa suna da wanda ya san su duka. Kasuwar intanet ba ta san mai gida ba. Na'ura ce ke tacewa, ma'aikacin da ke bayanta kuma bai taɓa jin sunan Alhajin ba. A Amazon, alal misali, abin da aka saba nema kafin a buɗe wa mutum tambarin da aka killace shi ne rasit na kwanan nan daga kamfani ko dilansa, mai ɗauke da suna da adireshin mai saye daidai da na rajistarsa. Ku faɗa mini, shago nawa ne a kan titin Ahmadu Bello zai iya fito da irin wannan a yau? Wanda ke kusa da tashar jirgin ruwa shi ke da takarda. Mu da ke hannu na uku da na huɗu, nisa kaɗai ya mayar da mu abin tuhuma.

Za a ce ai don maganin jabu ne. Na sani. Ba za a koya wa Kaduna illar jabu ba, garin da ya ga atamfar fasa-ƙwauri mai kwaikwayon zanenmu ta taimaka wajen durƙusar da masaƙun Kakuri, har masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Amma wanda ya iya buga jabun kwali zai iya buga jabun rasit. Mai gaskiyar ne kawai ke tsayawa a ƙofa.

Akwai kuma masu kayan kansu: matanmu na Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki masu turaren wuta da humra da man kaɗe. Da yawansu sun yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, suna zaton sunan ya zama nasu. Bai zama ba. Rajistar tambari daban ce, ƙarƙashin dokar 1965, a ofishin da ke Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, kuma shekara 7 take yi kafin a sabunta. Duk wadda ba ta yi ba, wani na iya riga ta, ya dawo ya sa a sauke kayanta da sunan da ita ta ƙirƙira. Najeriya kuma ba ta shiga yarjejeniyar Madrid ta rajistar tambari a ƙasashe da yawa ba, don haka mai son kariya a waje sai ya nema ƙasa-ƙasa.

Abin da nake kira gare shi tun ba yau ba shi ne ƙungiyoyin kasuwanninmu su karɓi matsayin mai gida a rubuce. Kowane ɗan sari ya ba da rasit mai suna da kwanan wata da lambar kaya, ko da bashi ne, ƙungiya ta ajiye rajistar 'ya'yanta, KADCCIMA, cibiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kaduna, ta zauna da kamfanonin intanet su amince da hatimin ƙungiyar. Na san tsoron haraji ne ke hana wasu rubutu, amma asarar kasuwa ta fi harajin ciwo. Kamfanonin da ke cin ribar Arewa su naɗa dilolinsu a Kaduna masu ikon ba da takardar izini. Hukumar FCCPC kuma, wadda dokar 2018 ta kafa, ta wajabta cewa duk wanda za a rufe wa shago a gaya masa dalili, a ba shi mutum ya saurare shi cikin kwanaki ƙayyadaddu. Kuɗin da jiha ke warewa don bita, a ɗebi rabinsa a buɗe teburi a babbar kasuwa, da lauya a zaune, yana cike wa mata takardun tambari.