Ayari da Zango a Gabashin Turai: Jejin Yana da Masu Shi



An nemi in yi magana a kan wata irin tafiya da ta samu karɓuwa a Turai, wadda mutane kan yi ayari da motoci masu jure hanya, su bi ƙasa tun daga gabar Tekun Baltik har yankin Balkan, suna yada zango a jeji maimakon kama ɗaki a otal. Masu tallata ta kan ce duk inda rana ta faɗi maka, nan ne masaukinka. Ni ban yarda ba. Babu jejin da ba shi da mai shi a can, kuma yawan 'yan ayari ne ke fara jawo musu magana.

A Estoniya hukumar gandun daji ta gwamnati, RMK, ta tanadi wuraren kafa tanti kyauta, da yawansu har da murhu da itace. A Poland kuwa, a shekarar 2021 hukumar dazuzzuka ta buɗe wasu yankuna ga masu kwanan daji, ta kuma gindaya sharaɗi: mutum 9, dare 2. In kun wuce haka, sai kun sanar da ofishin gandun tun kafin ku iso. Ku lura da wannan adadi. Mutum biyu da tanti ɗaya za su kwana su tashi, ciyawa ta miƙe. Mota shida da mutum ashirin kuwa sai sun bar sawun taya, da toka, da bayan gida. Kuroshiya ba ta ma tsaya lissafi ba: ka kwana a wajen sansanin da aka amince da shi, tara ce.

Bari in daɗe kaɗan a Romaniya, domin can ne zuciyar matafiyan take. Akwai hanyar Transfagarasan da ta ratsa duwatsun Karpat, wadda aka gina tsakanin 1970 da 1974 a zamanin shugaban ƙasar, Nikolai Causesku, bayan sojojin Sobiyet sun afka wa Cekoslobakiya a 1968, don ya samu ta inda zai tsallakar da dakarunsa. Tana hawa har mita 2,042 kusa da tafkin Baleya, kuma dusar ƙanƙara kan rufe samanta daga wajen ƙarshen Oktoba zuwa Yuni. Wanda ya tsara tafiyarsa a watan Afrilu, shinge zai tarar.

Masu jejin nan iri biyu ne. Na farko beyar, wadda in ka cire Rasha babu ƙasar Turai da ta kai Romaniya yawanta. Masu yawon buɗe ido sun saba mata da jefa abinci ta tagar mota, har ta koyi zaman bara a bakin titi. A Yulin 2024 wata beyar ta kashe budurwa 'yar shekara 19 a duwatsun Buceji, sai majalisar ƙasar ta amince a harbe beyar 481 a shekarar. Saboda haka ba a kwana da abinci a cikin tanti, ba a kuma zubar da ragowar tukunya a bayansa. Na biyu makiyayin tumaki da karnukansa, waɗanda aka horar don su kori kyarkeci. Baƙo ba komai ba ne a wurinsu. A nan ne nake ganin fataken Kano da ke zuwa Gwanja sayen goro sun fi 'yan zamani tsari: jagaba ya yi gaba ya duba zango, madugu ya je ya gaida mai ƙasa kafin a sauke kaya. Ayarin da ya tura mutum ɗaya wurin makiyayi tun da hasken rana, ya yi gaisuwa, ya sayi cuku, yakan kwana lafiya.

Bosniya kuma maganarta gajeriya ce. Yaƙin 1992 zuwa 1995 ya bar nakiyoyi a binne, har yau ba a gama tone su ba. In ka ga jan allo mai hoton ƙoƙon kai, kada ka sauka daga kwalta, ko fitsari ne ya matse ka. A dazuzzukan Baltik abin tsoron ƙarami ne: kaska mai jawo kumburin ƙwaƙwalwa, kuma akwai allurar rigakafinta.

Saura takardu, inda mu masu koren fasfo muka fi shan wuya. Bizar Shengen kwana 90 take bayarwa a cikin kowane 180. Kuroshiya ta shiga tsarin a 2023, Romaniya da Bulgeriya suka kammala shiga a Janairun 2025, don haka kwanakin da ka yi a cikinsu yanzu duk a lissafi suke. Sabiya, Bosniya, Albaniya da Montenegiro suna waje, kowacce da sharaɗinta. A Kosobo ma inshorar mota sai an sayi tasu a kan iyaka.

Ɗalibai, duk wanda zai shiga irin wannan ayari, ya tambayi madugun tun kafin ya biya kuɗi: mu nawa ne, a ina za mu kwana kowane dare, kuma wa ya ba mu izini? In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku.