Intanet, Imel da Masaukin Shafi: Wa Ke Riƙe da Mabuɗin?



Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne wani al'amari da na gani da idona. Wani ofishi ya wayi gari shafinsa ya ɓace, wasiƙu kuma sun daina shigowa. Da aka bincika, sai aka tarar ɗan kwangilar da ya gina shafin da sunansa ya yi rajistar kome, kuma ya bar gari. Shugaban ofishin ya sa hannu a takardun da bai fahimci kalmominsu ba. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu. Saboda haka bari mu ɗauki kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce intanet, wato haɗuwar kwamfutocin duniya ta hanyar wayoyi da na'urori, bisa ƙa'idoji guda na aika saƙo. Asalinta wani gwaji ne da aka fara a Amurka a 1969, inda aka haɗa kwamfutocin cibiyoyi huɗu. Mu lura, yawancin saƙon da ke ƙetare teku ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa yake bi, kamar waɗanda suka sauka a Legas a 2010.

Jama'a kan ɗauka intanet da yanar gizo abu ɗaya ne, alhali kuwa da bambanci. Intanet ita ce hanya, yanar gizo kuwa rumfunan da aka kafa a bakinta, wato shafuffukan da muke buɗewa da burauza. Tim Berners-Lee ne ya tsara ta a 1989, yana aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba, shekara ashirin bayan an share hanyar.

Sai imel, wanda ya girmi yanar gizo nesa ba kusa ba. A 1971 Ray Tomlinson ya sa alamar @ tsakanin sunan mai akwati da sunan gidan da akwatin yake. Abin da ke hagu naka ne, abin da ke dama na maigida ne, kuma wasiƙunka a ɗakinsa suke kwana. Don haka ma'aikacin da ke aika takardun hukuma ta akwatinsa na kansa, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, da fayil ɗin ofis zai tafi.

To, ina shafin kansa yake zaune? Yana cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, ana ce mata saba. Kamfanin da ke ba da hayar wuri a cikinta shi ne mai masauki. Ku tuna da fatoman zamanin fatake: kai ke da kaya, shi ke da ɗaki da mabuɗi. In kuɗin haya ya ƙare ba a biya ba, sai ya rufe ƙofa. Mai hankali yakan ajiye kwafin kayansa a wani wuri dabam.

Kalma ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce sunan yanki. Kowace kwamfuta a intanet tana da lamba, amma lamba da wuyar riƙewa. Shi ya sa a 1983 aka ƙirƙiro tsarin da ke juya suna zuwa lamba, kamar yadda littafin lambobin tarho yake yi. Wutsiyar sunan kan nuna ƙasa ko irin aiki: .ng ta Nijeriya ce, .ne ta Nijar, .gh ta Ghana, .gov.ng kuwa an keɓe ta ga hukumomin gwamnatin Nijeriya. Ba a sayen suna a mallake shi har abada. Rajista ake yi, yawanci ta shekara guda, a riƙa sabuntawa. In ta faɗi aka yi sakaci, wani na iya ɗauke sunan, shafi da imel duka su bi shi.

Bisa ga wannan, ina roƙon kowane ma'aikaci, in ya koma ofis gobe, ya yi tambaya uku. Da sunan wa aka yi rajistar yankinmu? Yaushe hayar masauki za ta ƙare? Wa ke riƙe da kalmar sirri, kuma in ba ya nan, wa zai buɗe? In amsar duka ukun sunan mutum ɗaya ne wanda ba ma'aikacinku ba, to a aro kuke zaune, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Ku kuma ɗalibai, da ku za a cike waɗannan kujeru nan gaba. Kada ku ji kunyar tambayar ma'anar kalma kafin ku sa hannu, domin matambayi ba ya ɓata.