Duka Ba Ya Cikin Ibadar Aure



Mace ta yi yaji da kumburarren ido, ta isa gidan iyayenta. Kafin ta cire mayafi an fara mata: "Ki yi haƙuri, 'yata, aure ibada ne." Kwana biyu miji ya aiko biko, a mayar da ita, ba wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi abin da ya kai hannunsa fuskarta. In ma an tambaya, sai ya fake da aya ta 34 ta Suratun Nisa'i. Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: a zalunci baiwar Allah, sannan a rufe mata baki da sunan addini.

To, wa ya fi fahimtar ayar nan, mu ko wanda aka saukar masa? Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta shaida cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko ɗan aiki ba. Imam Muslim ne ya ruwaito. Shi ne kuma ya kawo labarin Faɗima 'yar Ƙaisu, wadda ta nemi shawarar Annabi kan manemanta. Annabi bai ɓoye mata cewa Abu Jahmi, ɗaya daga cikinsu, mai dukan mata ne ba, ya kuma nuna mata Usama ɗan Zaidu. Iyaye, ku lura: tun kafin a ɗaura aure ake binciken wannan hali.

Mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi ta ba matar da ake cutarwa damar zuwa gaban alƙali ya raba auren, ba tare da ta mayar da sadaki ba. Mata da yawa ba su san haka ba, shi ya sa suke cin bashi su biya kuɗin hul'i don su tsira da ransu. Malamanmu, don Allah ku faɗi wannan a wa'azi da huɗuba kamar yadda kuke faɗin haƙƙin miji.

Ku kuma maƙwabta da ke jin ihu ta katanga cikin dare, alƙali yana karɓar shaidarku. Idan ta nemi ku raka ta kotu, ku je.