Idan za ku nuna aikinku, ku faɗi sunan masu kayan



Yau ina so mu yi magana a kan fasahar nan da ake kira AR, wato ka ɗaga salula bisa takarda, sai hoto ya taso kamar yana nan a zahiri. Mu ɗauka ɗayanmu ya shimfiɗa taswirar gonakin noman rani na Ƙonni gaban magajin gari, ya ɗora salula, sai ga madatsun Mozage da Zango da hanyoyin ruwa sun fito. Za a yi tafi, za a ce yaron nan ya ƙirƙiro abu. To, a nan ne nake so mu tsaya: wa ya yi mene?

Galibin irin wannan aiki bisa kayan wasu yake tsaye. Hirokazu Kato na Japan ya fito da ARToolKit a 1999. Ricardo Cabello ya saki three.js a 2010, Mozilla ta saki A-Frame a 2015, sannan Jerome Etienne ya kawo AR.js a 2017, wanda ya sa abin yake tashi cikin shafin intanet ba sai an sauke komai ba. Ita kuma taswirar, sau da yawa daga OpenStreetMap ake ɗauko ta, aikin da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, wanda ƴan sa-kai suke zanawa titi bayan titi, har da ƴan Nijar. Duk kyauta suka ba mu, ko dala ba mu biya ba.

Amma kyautar tana da sharaɗi. Lasisin MIT, wanda three.js da A-Frame suke kai, ya ce duk inda ka rarraba manhajar ka bar sanarwar masu ita a ciki. Da zarar ka ɗora aikinka a shafin da mutane za su buɗe, ka rarraba ke nan. OpenStreetMap kuma ta ce a rubuta sunanta inda mai kallon taswira zai gani. Blender, da ake sassaƙa hotuna da ita, ba ta tilasta maka ambatonta a kan abin da ka zana. Nan ba doka, sai mutunci, kuma Bahaushe ya ce yaba kyauta tukuici.

Mu ƴan jihar Tawa mun san zafin wannan. Albasar Galmi, manoman nan ne suka yi shekaru suna zaɓen irinta. Sai ga wani kamfanin iri na Senegal ya nemi hukumar OAPI ta ba shi haƙƙin irin da sunan Violet de Galmi. Nijar ta ce ba ta yarda ba, dole ya canza suna. Idan mun ƙi a yi mana kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, yaya za mu yi wa wasu?

Akwai kuma riba a fili. Ƙanenka da ke kallo, idan ka ce kai kaɗai ka ƙera komai, zai koma gida yana jin abin ya fi ƙarfinsa. Idan ka ce A-Frame ce, da dare zai nemo ta ya fara. Mai ba da tallafi kuwa, ranar da masaninsa ya buɗe aikin ya ga ka goge sunayen mutane, ba kai kaɗai za a daina yarda da kai ba, har na bayanka.

Wasu na tsoron idan sun faɗa za a raina aikinsu. Ni ban ga haka ba. Magini ba ya ɓoye cewa simintinsa na Malbaza ne, kuma ba wanda ya ce ba shi ya yi ginin ba. Naka shi ne tunanin, da zagayen gonaki, da bayanin da ka yi da Hausa.

Saboda haka abu uku nake roƙo. Ku ware allo guda ku jera sunayen kayan da lasisinsu. Ku faɗe su da baki a gaban taro, ku bambance naku da nasu. Sannan ku mayar da wani abu, ko da zana unguwarku ne a OpenStreetMap.